Jinyar Kwamfutar Bello

Zamanin soja ne ɗana Bello ya aro kwamfutar cinya, yana rubuta aikin gama jami'a. Ya bar ta a kunne ya tafi masallaci. Na taɓa ta, zafi rau, tana ta huci. Ni da na raini 'ya'ya tara za a koya wa zazzaɓi? Na lulluɓe ta da bargo don ta yi gumi.

Da ya dawo ya yaye bargon, ta mutu murus, har da aikinsa.

"Inna, mi kinka yi? Iska fa take so!"

Na ce, "Kai ka katse mata gumin."

Har yau ko rediyo ya ɗumama, sai jikokina su ce, "A ɓoye bargo, ga Likita nan!"