Rasuwar Fayil ɗin Saiti na Autanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da bai bushe ba, iyalin Auta mai gina shafukan intanet suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon fayil ɗinsa na saiti, wanda ya cika a teburin aiki, tsakanin kofin shayi da tulin wayoyin caji.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi ne rubutun nan da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta harhaɗa launi da hoto da maɓalli su zama shafi. An haife shi ɗan mitsitsi. Auta ne ya raine shi, yau ya ƙara masa layi, gobe ya roƙo wani a wurin baƙi a intanet ya liƙa masa, har ya yi tsawon da yatsa ke gajiya kafin a kai ƙarshensa. A tsakiyarsa akwai wani layi da Auta ya rubuta wa gargaɗin kada a taɓa, don shi kansa bai san abin da layin yake yi ba.

Marigayi mai natsuwa ne, ba ya son gaggawa. In aka tashe shi, sai fankar kwamfuta ta ɗauki "fuuuu", mutum ya je ya dafa ruwa, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya tarar yana nan yana tunani. In ransa ya ɓaci kuwa, "tin!" ɗaya yake yi, allo ya cika da jan rubutu. Ga amana. Bai taɓa yarda ya yi aiki a kwamfutar kowa ba sai ta Auta. Shi ya sa a ofis ba a fara sabon aiki sai an jira Auta, manaja da kansa ke ja masa kujera, ko hutu ya tafi ana bin sa da waya. Yana ƙorafi dai, amma a gida kowa ya san daɗi yake ji.

Ciwon ajali ya fara ne da tsafta. Ana gab da nuna wa wata mai shagon takalma shafinta, sai Auta ya ga ya kamata a yi wa marigayi kwalliya, ya sabunta duk kayan da yake jingina da su a lokaci guda. Tun daga nan marigayi bai sake tashi ba. An yi magani, wallahi an yi. An kashe kwamfuta an kunna. An goge babbar foldar nan mai cinye wuri an sake sauko da ita. Har layin da aka hana taɓawa an taɓa. Mai takalma na zaune tana kaɗa ƙafa.

A nan ne abokiyar aikin Auta ta gefen taga, baiwar Allah ba da mugun nufi ba, ta buga layi guda a wata sabuwar manhaja. Manhajar ta tambayi sunan aiki, ta shimfiɗa folda, aka zuba rubutu da hotuna, shafi ya miƙe kafin Auta ya gama share gumi. Babu saiti, babu lallashi. Kowa a ofis ya gwada, kowa ya iya. Mai takalma ma har tafi ta yi, a gaban gawa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya da dama: saiti-sabo, saiti-na-ƙarshe, da ƙaninsu saiti-na-ƙarshen-gaske. Ya bar kuma Auta, wanda tun ranar wayarsa ba ta yi ƙara ba, yana ɗaga ta yana duba ko caji ne ya ƙare.

Za a kai marigayi makwancinsa gobe da hantsi, a wata folda can ƙasan kwamfuta, don Auta ya ce hannunsa ba zai iya gogewa ba. Zaman karɓar gaisuwa a teburinsa ne. Ba a buƙatar a kawo komai, sai dai iyali na roƙon duk mai zuwa ya taho da wata 'yar matsalar kwamfuta, ko ƙarama ce, ya tambayi Auta. In kun san amsar, don Allah ku yi shiru ya gama bayani.