Rasuwar Gagarau, Babur ɗin da Ya Ci Gwiwata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar dama mai cike da ruwa, ni Inuwa tela na Badarawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗina, Gagarau, wanda ya cika ranar Talata a zauren gidanmu, yana jingine da bango kamar yadda ya saba.

Marigayi dattijo ne mai mutunci. Bai taɓa wuce kowa a hanya ba, har masu keke sukan gaishe mu su wuce. Shi ya kai ni zance wurin matata Harira, shi ya kai ta asibiti haihuwar fari, ko da yake daga Unguwar Dosa a ƙafa ta ƙarasa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya tashi sai an roƙe shi da ƙafa. Kowace safiya zan hau kik da dukan nauyina, ya ce "tuf", ya yi shiru yana nazari. In sake, ya ce "tuf-tuf". Ran da ransa ya ɓaci kuwa, sai ya dawo mini da kik ɗin har cikin ƙashi. Wallahi ina son sa a haka.

Ciwon ajalinsa a jikina ya fara. Wata safiya na buga, na ji ƙas, na sunkuya ina duba abin da ya karye a jikinsa, ashe a nawa ne. Gwiwa ta kumbura, ta riƙa maƙalewa, zaman tahiya ya gagare ni. Ni da nake sahun gaba, na koma sallah a kan farar kujerar roba a gefen masallaci, tare da tsofaffin da suka girmi babana. Wannan ya fi ciwon yi mini ciwo.

Harira ta ɗora wa marigayi laifi, ni kuma na tsaya masa. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce ƙashi lafiya lau. Ranar na zaga unguwa da hoton ina ɗaga shi sama, ina nuna wa kowa an wanke Gagarau! Ashe wannan hoton ƙashi kawai yake gani. Aka tura ni hoton MRI, aka zura ni cikin wata na'ura kamar bututun kwalbati, tana ta ƙwanƙwasa gau-gau-gau, har na ji kewar marigayi ta kama ni. Na roƙi a duba shi shi ma, aka ce ƙarfe ba ya shiga ɗakin, ko makullinsa sai da aka karɓe.

Hoton bai rufa mana asiri ba. Likita ya nuna mini wani ɗan guringuntsi da ke zaune tsakanin ƙasusuwan gwiwa kamar matashin kai, ga tsaga nan fara tas a tsakiyarsa. Ya tambayi abin da nake yi da ƙafar nan kullum. Na hau gyara zaman hulata. Harira ce ta ba da amsa, har da kwaikwayo.

Aka yi mini aiki, aka yanke hukunci: ko kik ko sujada. Na zaɓi sujada. Gagarau bai yi gardama ba, ya tsaya a zaure, tayoyinsa suka sace, mai ya bushe a cikinsa. Ɗanasabe bakanike ya zo ya kara kunne a tanki, ya cire hula. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na kai goshina ƙasa a sahun gaba, na taso ina murmushi, ina jin kunyar mamacin.

Ya rasu ya bar madubi ɗaya, da hon wanda bai yi magana ba tun zamanin da aka saye shi, da kazar da ke ƙwai a ƙarƙashinsa, da Ɗanasabe, wanda shi ne maraya na gaskiya. Harira na karɓar gaisuwa, sai dai a yi haƙuri da guɗar da take yi, kowa da yadda yake jimami.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan Azahar zuwa Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Turawa za a yi, kamar yadda aka saba yi masa yana raye. Ina roƙon masu rakiya, don girman Allah, kada wanda ya taɓa kik ɗin nan. Na san halinsa, yana iya tashi. In kuwa na ji ya ce "tuf", gwiwa ɗaya ta rage mini, kuma na san zan ba shi.