Ranar da Na Yi wa Roba Taki

Ni dai a Kafur ba a kawo mini raini a kan noma, don ko tari masara ta yi ina jin ta. Shi ya sa da na je sabon gidan yayana a Funtuwa, na ga koriyar ciyawar tsakar gida ta kwanta luf inda ake yawan takawa, ban tambayi kowa ba. Na duƙa na shafa, na ce yunwa ce. Akuyar maƙwabta ta leƙo, ta shinshina, ta wuce. Na ce ka gani, ciwon ya yi nisa.

Ana gobe addu'ar buɗe gida, Yaya da matarsa suna kasuwa, na ɗauko buhun kashin kaji a babur, na barbaɗe shi kaf, na bi da ruwa, har ina fito.

Matar Yaya ce ta fara shigowa, hannu a hanci. "Mijina, me ya mutu a gidan nan?"

Na gyara hula na ce, "Taki ne. Ki saurara ki ga aiki."

Ta ɗauko tsintsiya ta share gefen da ban kai ba, ciyawa ta miƙe tsaye cir. Sannan ta ɗaga bakin ciyawar kamar tabarma. Ashe roba ce.

A ƙofar gida aka yi addu'ar, fasto na yi yana korar ƙuda.

Har yau in damina ta faɗi sai ta bugo mini waya: "Sarkin Noma, bokitina na roba ya ƙi girma. Buhu nawa zan sa?"