Gidan da Na Yi wa Inshora

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ta ƙarshen bazara ba, ranar da na tara mutane da kaina, na shimfiɗa musu tabarma, na sayo musu ruwan sanyi, don kawai su zo su ga yadda zan ji kunya.

Ni malamin makaranta ne a nan Daura, asalina kuma Baure. Bayan shekaru ina zaman haya, Allah ya nufa na gina ɗan gidana a bayan gari, ginin bulo, rufin kwano. Iskar farkon damina a unguwarmu ba ta da mutunci. Fili ne fetal ta gabas, in ta taso sai ta kwashe kwanon mutum ta ajiye masa a gonar wani. Shi ya sa da an ga hadari ya fara haɗuwa kowa zai hau sama, a ɗaure kwano da waya, a danne da bulo da tsofaffin tayoyi.

Kowa, ban da ni. Shekarar da na tare, ma'aikatan wani kamfani suka zo makarantarmu suka yi mana bayanin inshorar gida irin ta Musulunci. Nan take na cike takarda, a tsaye, yara suna jira na a aji. Duk shekara ina sabuntawa, amma ban taɓa buɗe ta ba (tana cikin leda a ƙasan akwati, na ba ta matsayin laya). Maƙwabcina Malam Haladu kafinta ya sha yi mini magana.

"Malam, ka bari in hau in ɗaure maka. Ƙusoshin gefen gabas sun fara ɗagowa."

"Malam Haladu, ai mu mun wuce zamanin taya a kan rufi. Iska ta ɗauka, kamfani ya mayar."

Allah ya yafe mini, har da dariya nake faɗa.

To bana sai na ƙara ɗaki ɗaya, na ɗauko mahaifiyata Inna daga wurin ƙanwata saboda ciwon ƙafa ya matsa mata. Ɗakin nata ne a bakin gabas, shi iska za ta fara samu, ita kuma ba mai iya tashi ta gudu ba ce. Na ce wannan karon ba wasa, kafin ruwan farko sai an duba takardar nan an shigar da ɗakin Inna. Na riƙa buga wa kamfanin waya har suka gane muryata. Suka ce sai wata mai zuwa, na ce damina ba ta san wata mai zuwa ba. Na hau mota na je ofishinsu na zauna, ban tashi ba sai da aka sa mini rana. Ni dai in na sa abu a gaba, sai na ga ƙarshensa.

Da a nan na tsaya, da asirina ya rufu. Sai na bi 'yan majalisarmu ɗaya bayan ɗaya na gayyato su, wai su zo su ga yadda wayayyu ke shirin damina.

Wakilin kamfanin wani dattijo ne mai tabarau, mai sanyin magana. Ya zagaya gidan, ya auna ɗakin Inna, ya dawo ya zauna. Sai da na yi wa jama'a ɗan jawabi (malami ai ba ya ganin mutane zaune ya ƙyale su), sannan na miƙa masa ledar da hannu biyu. Ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi gidan, ya sake duban takarda.

"Malam, gida nawa gare ka?"

"Ɗaya tak. Ga shi kana zaune a ƙofarsa."

"To, nan Baure aka rubuta. Gidan marigayi Malam Idi, kusa da tsohuwar rijiya."

Na karɓa na duba. Rubutuna ne, ba na kowa ba. Tun ina ɗan firamare, duk takardar da aka ce in sa adireshi, ta jarrabawa ce ko ta neman aiki, gidan mahaifina nake sawa, domin gidan haya yau kana nan gobe ka tashi. Hannuna ya saba, ya rubuta abinsa bai yi shawara da ni ba. Gidan na Baure kuwa ginin ƙasa ne, rufin soro, babu kwano ko falle ɗaya. Tun rasuwar Baba, Kawu ne ke ɗaure awakinsa a ciki.

Malam Haladu ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, yanzu in iska ta ɗauke wannan rufin fa?"

"Ba mu san da wannan gidan ba."

"In na can ne ya faɗi?"

"Shi ma da wuya, tunda ginin bulo ya rubuta."

Wani daga bayan tabarma ya ce, "Ashe awakin ma ba su tsira ba." Aka kwashe da dariya, har wakilin sai da ya cire tabarau ya goge ido. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, zufa ta jiƙa mini hula.

Ya ce gyaran takarda zai ɗauki mako biyu. Na dubi gabas, sama ta fara baƙi. Ba ni da mako biyu. Na tuɓe babbar riga a gabansu, na ce, "Malam Haladu, don Allah ara mini tsani." Ya ɗauko, har da waya da guduma. Na hau tare da shi, waɗanda suka gama yi mini dariya su ne suka riƙa miƙo mana taya, muka fara da ɗakin Inna.

Da na sauko na shiga gaishe ta, ashe duk ta ji ta taga.

"Kada ka damu kanka," ta ce. "Ni ma har yau in aka tambaye ni gida, can nake cewa."

An gyara takardar, kuma yanzu nakan zauna in karanta ta layi-layi kafin kowace damina. Amma ko an gyara, na gane ba ta da nauyin danne kwano. Taya shida ne a kan rufina, na fi kowa a layinmu.