Kariyar Keke Mai Hatimin Hukuma

Ranar Talata da safe na faɗi a kan gadar shiga kasuwa, ni da kwandon huminta sittin a bayana, wato alalar masara da cuku. Ba ramin gadar ne ya kayar da ni ba, wannan tun yana ƙarami muke gaisawa. Kwandon ne ya karkace a kafaɗata, na kai hannu in gyara, keke ya yi nasa wuri, ni ma na yi nawa. Karnukan gada sun karya da masara da cuku, ni kuma na koma gida da gwiwa a goge.

Masu karatu, ba don motsa jini nake hawa keke ina ɗan shekara sittin da uku ba. Motar hayar da ke kai wa matata Fortunata kayanta kasuwa yau kwana tara tana layin mai, har wasiƙa can ake kai wa direban. Ita kuwa huminta in ta huce ba mai kallonta, kuma in teburin Fortunata ya yi mako babu kaya, shugabar 'yan kasuwa za ta ba wata wurin. Shekara ashirin da biyu tana wannan kusurwa.

Fortunata ta duba gwiwata, ta duba kwandon. A kan kwandon ta fi daɗewa.

"Tsoho, kowane keke a garin nan da kariya a bayansa, sai naka."

"Nawa keken tsere ne. Da shi na zo na huɗu a tseren lardi."

"Na huɗu," in ji ta. "To a samo masa kariya, ko Allah zai sa ka zo na ɗaya a kai kaya."

Na tura keken wajen Don Casiano mai gyara. Ya zagaya shi, ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Don Eleuterio, wannan ba a yi shi don aiki ba, kamar mataimakin darakta yake. Ko ramin ɗaura noti babu. Sai kariya siririya mara nauyi, wadda zan maƙala a ƙarfen baya. Sabuwa sai birni, kuɗinta boliviano ɗari huɗu." Ya rage murya. "Gobe ka je wajen Doña Remigia, bayan mahauta. Ba ni na turo ka ba."

Doña Remigia tsofaffin tukwane da makullai take sayarwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ɗaga wani tamfol. Kariya sun kai talatin, duk kore, duk iri ɗaya, ko ƙwarzane babu. Kowace da hatimin gari da rubutu: Gari Mai Numfashi.

Nan take na gane su. Shekara biyu da suka wuce, magajin garinmu, Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara masa tumbi, ya tara mu a dandali da 'yan badujala ya ƙaddamar da kekuna ɗari biyu don masu kai kaya kasuwa. Shi da kansa ya hau ɗaya, ya yi taku goma, mutum biyu na riƙe da sirdi. Daga nan aka kulle kekunan a sito har kwamiti ya tantance waɗanda suka cancanta. Kwamitin ya tafi Turai koyon yadda ake raba keke, ya dawo ya ce sai an sake komawa, ba a gama darasin ba.

"Doña, wannan na hannu ne?"

"Na hannu mana. Hannu uku ya bi kafin ya iso nan."

"Su kekunan fa?"

"Kariya ka zo saye ko tarihi? Taya tana wajen ƙanwata, sirdi sai Asabar."

Na tsaya ina juya ta a hannu. Ni ne fa na rubuta shafi huɗu a jaridar nan ina tambayar ina kekunan suke. Ga amsa an ba ni a boliviano sittin. Na tuna teburin Fortunata, na biya. Don Casiano ya ɗaura ta da maƙalai biyu da robar tsohon tub, ta zauna daram. Ya ce in bari ya shafa mata baƙin fenti, na ce sai Lahadi.

Ranar Juma'a ina ratsa dandali da kaya masu zafi sai wani ɗan sanda ya ɗaga hannu. Kusa da shi wani mai kwat ya ƙura wa kariyata ido. Na fara tsara yadda zan gaya wa alƙali cewa harajina na sayo.

Mai kwat ya juya da gudu. "Ranka ya daɗe, ga ɗaya. Mun samu ɗaya."

Ashe baƙin da suka ba da kuɗin kekunan ne suka zo ganin waɗanda suka amfana, tun safe ana neman ko mutum guda. Mai Girma ya taho da hannuwa a buɗe ya rungume ni, yana ƙamshin turaren da ya fi kekena tsada.

"Baba, gaya wa baƙinmu yadda shirin nan ya canza rayuwarka."

"Ranka ya daɗe, ba don sitonku ba, da ban samu ba."

Aka fassara, baƙi suka tafa, shi ma ya tafa. Mai kwat ya raɗa wa mai hoto ya yanke jan kekena daga hoton, ya ɗauki kariya da kwando da fuskata kawai. Huminta ta isa kasuwa da ɗan sauran ɗuminta, kuma jama'ar da suka biyo ni kallo suka saye ta tas. Tebur dai yana hannun Fortunata.

Yanzu hotona yana bakin gari, tsawon bene, an rubuta a ƙasa: Iyalai ɗari biyu sun amfana. In kana cikin sauran ɗari da casa'in da taran, ka leƙo mu gaisa. In kuma so kake ka shiga cikinmu, ka hanzarta, don tunda aka kafa hoton Doña Remigia ta mayar da kariya casa'in. Ta ce ai yanzu kaya ne mai talla.