Ranar da Na Feɗe Kabureta a Gaban Surukina

Shekaru sun kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har da sunayen wasu abokan aiki, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsugunna a bakin kasuwar Badagishiri ina feɗe kabureta a gaban mutumin da nake neman 'yarsa ba. Kunyar tana nan kamar jiya aka yi, sai dai yanzu ta gauraya da kewa, don yawancin waɗanda suka yi mini dariya ran nan sun riga mu gidan gaskiya.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina saurayi, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, an turo ni daga Birnin Konni. Kowa a gari mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da faransanci, kuma a wancan zamani in ana kiranka mushe, to kai ne mai karanta wasiƙa, kai ne mai fassara takardar magani, kai ne mai duba rediyo in ta yi shiru. Mutane sun ɗauka na san komai. Abin takaicin, ni ma na yarda da su.

Ina da wata tsohuwar moto da na saya a bakin iyaka (ku na can babur kuke cewa), ja ce, kujerarta ta sha ɗinki. Man da muke sha na kwalba ne, na bakin hanya, kuma ba ya rasa datti. Saboda haka kowane mai moto ya san cewa in ta fara tari, kabureta ce ta toshe. A cikinta akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe mai huda, bai fi ƙwayar wake ba, jikiler ake ce masa, ta nan mai yake bi. Sai a kwance shi, a sa a baki a hura, a mayar, a ci gaba da tafiya. Ni dai sau biyu na ga bakanike ya yi haka a Konni, na kuma karanta shafi ɗaya da rabi a wani littafin faransanci. Da wannan ɗan guzuri na naɗa kaina sarkin kabureta na kwarin Badagishiri gaba ɗaya.

Da la'asar muna da wurin shan shayi a gindin wata bishiyar bedi. Akwai wani jandarma da aka kawo daga gabas, Shef Usmanu, mutum mai son gardama kamar ni. Shi ya fara kawo mana labarin cewa Turawa sun fara yar da kabureta a motocinsu, sun koma wani abu wai shi injekta, inji ne ke auna mai ya fesa daidai, babu toshewa, babu hurawa da baki.

"Wata rana har moto za ta samu, Mushe," in ji shi. "Ka rubuta ka aje."

Ni kuwa na miƙe tsaye da kofin shayi a hannu, na yi masa lacca. Na ce abin dogaro shi ne abin da mutum zai iya gyarawa da bakinsa a tsakiyar daji. Na ce kabureta ba ta taɓa ba mai ita kunya, sai dai in jahili ne. (Ku riƙe wannan kalma ta jahili, ni ma an riƙe mini ita.)

To, a lokacin ina neman Rakiya, 'yar Baba Nomau, wani dattijo mai garkar albasa a cikin kwari, yana da ɗan injin ban ruwa da yake lallaɓawa shekara da shekaru. Manyana sun je gaisuwa, an karɓe su, amma ba a ba da amsa ba tukuna. Tun daga ranar kunya ta shiga tsakanina da shi, irin ta suruki da suruki. In na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon gefe. Ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana da saƙo gare ni, sai ya juya ya faɗa wa wani a gabana, ni kuma in tsinta. Haka ake yi, kuma na san haka ake yi.

Ran nan da sassafe gwaggon Rakiya ta yi mini sallama. Ta ce za a ɗaura auren 'yar ƙanen Baba Nomau, marainiya, a wani ƙauye kan hanyar Ilela, da hantsi. Shi ne waliyyi, in ba shi babu fatiha. Motar da ya sa rai da ita ba ta zo ba, amalanke kuwa ba za ta kai shi a kan lokaci ba. Ko zan taimaka?

Ko zan taimaka! Zuciyata ta ce ga ranar da za ka nuna kai miji ne. Na zumbula babbar rigata fara, na goge moto har da bayan madubi, na buga ta tashi, na isa ƙofar gidansa. Ya fito, na durƙusa, ya amsa wa bango, ya hau baya. Bai taɓa ni ba, ƙarfen baya ya riƙe, ya bar tazarar da za a iya zaunar da mutum na uku. Rakiya tana leƙe ta kan zana, na gan ta, na ƙara miƙe wuya.

Ranar kasuwa ce. Muna kaiwa daidai inda mata ke baza gari da kuka da daddawa, moto ta yi tari sau biyu, ta ja numfashi, ta mutu.

Maimakon in tsorata, wallahi daɗi na ji. Ga jama'a, ga suruki, ga kabureta. Na sauka na ce wa iska (tunda ba zan ce masa ba) abin ba komai ba ne, minti biyar. Baba Nomau ya koma gefe ya zauna kusa da wani mai goro. Na shimfiɗa hankici a ƙasa, na zaro turnabis, wato sukudireba, na fara kwancewa ina bayani da babbar murya yadda kowa zai amfana. Da na cire ɗan kwanon da ke ƙasan kabureta, sai na gan shi a bushe ƙayau, ko ɗigon mai babu. Na ɗaga shi sama na zagaya da shi.

"Kun gani? Ko ɗigo. Ta toshe ƙwarai."

Mutane suka gyaɗa kai. Sai na ji Baba Nomau ya yi gyaran murya, yana cewa mai goro, "Ni dai injina na garka, in yay yi gardama, ba ni hwara buɗa cikinai. Hanyar da mai ka biyowa nika hwara dubawa, tun daga bisa."

Na ji shi sarai. Amma a raina na ce, Allah sarki, tsoho, yana haɗa injin ban ruwa da moto. Har na ɗan yi murmushin tausayi.

Na kwance jikiler, na ɗaga shi ga rana, na sa a leɓe. Yatsuna duk maiƙo. Na cika kumatu na hura da ƙarfin mutumin da ake kallo, sai kawai na ji babu komai tsakanin yatsuna. Ya tashi sama, ya faɗa cikin rairayin kasuwa, rairayin da jakuna da awaki da ɗaruruwan ƙafafu suka tattake tun asuba.

Na durƙusa da farar rigata ina lalube. Wasu suka taya ni. Ba mu ga komai ba. Can wata mai sayar da gari, Inna Hajo, ta kore mu gefe.

"Ku tashi, maza ba su iya biɗar abu ba. Mushe, mi ag girmanai?"

"Kamar wake, Inna."

Ta ɗauko rariyarta ta tankaɗe, ta kira maƙwabtanta biyu da nasu. Mata uku suka tsugunna suna tankaɗe ƙasar kasuwa kamar za su yi tuwo da ita. Aka samu maɓalli, aka samu karyayyar allura, aka samu kashin awaki ba adadi, kowanne sai an miƙo mini a ce ko shi ne. Ana cikin haka sai na ga takalman jandarma sun tsaya a gabana. Ban ɗaga kai ba, na san ko na wane ne.

"Mushe," in ji Shef Usmanu a hankali, "wagga ita ce wadda ba ta ba da kunya?"

Na ci gaba da duba abin da ake miƙo mini. A rariyar Inna Hajo aka same shi daga ƙarshe. Na goge shi da bakin riga, na mayar da komai, na hau na buga. Shiru. Na sake bugawa, na buga har takalmina ya fita. Maza huɗu suka tura ni har rumfar mahauta suka dawo da ni. Moto ko tari ba ta yi ba.

A nan ne na saci kallon Baba Nomau, na ga ya ɗaga kai yana duban rana. Hantsi ya ɗaga sosai. Sai a lokacin na tuna cewa ba don a kalle ni muka fito ba. Akwai yarinya marainiya a can tana jira, an tara mutane, dangin ango sun zo daga nesa, kuma in aka watse ba a ɗaura ba, ita za a yi ta yi wa surutu. Na ga auren yarinyar yana lalacewa a hannuna, nawa kuma yana bin sa a baya.

Tsoho ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ya tako har jikin moto, ya kau da fuskarsa daga gare ni, ya miƙa yatsu biyu ƙarƙashin tanki, ya murɗa robine, wato ɗan famfon da ke sakin mai zuwa kabureta. Kowa ya ga mai ya gangaro cikin 'yar robar.

A rufe yake. Ni da hannuna na rufe shi jiya da yamma, kamar yadda duk mai moto ke yi don kada mai ya yi ta ɗiga. Kullum da safe buɗe shi ne aikina na farko, amma ran nan hankalina yana kan riga da madubi. Ɗan man da ya kwana a cikin kwanon ne ya kawo mu kasuwa, da ya ƙare ta tsaya. Lafiyarta lau, yunwa ce kawai.

Bugu biyu ta tashi. Kasuwa ta ɗauki dariya, Inna Hajo har da zama a ƙasa tana riƙe da rariya. Shef Usmanu ya sara mini irin ta soja, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Nomau ya hau baya, muka kama hanya har ƙauyen. Mun tarar wasu sun fara naɗe tabarmi, wani baffan ango yana ta faɗa. Aka taso aka tari Baba Nomau, ana tambayar abin da ya tsare shi. Na tsaya a baya da rigata mai maiƙo da ƙasa, ina jiran a yanka ni a gaban baƙi.

Ya ce, "Moto ce tat tsaya muna cikin kasuwa. Yaron ga ya kwance ta ƙwaya-ƙwaya, ya maida, bai bar ko ƙusa guda ba. Ga mu mun iso. A yi fatiha."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, kuma ko kalma ɗaya ta tonon asiri babu. Aka ɗaura aure, aka raba goro. Mutanen ƙauye suka yi ta sa mini albarka, har wani ya turo mini tasa moto wai in duba masa tunda gwani ya zo gari. Na ce masa ban zo da kayan aiki ba.

Kwana tara bayan haka aka aiko wa manyana cewa an ba ni Rakiya. Sai da muka haifi ɗanmu na biyu ta gaya mini cewa tun a ƙofar gida babanta ya ga robinen a rufe, nauyin baki ne ya hana shi. Ta ce da ya dawo ya ce wa innarta, yaron nan yana da surutu, amma ya sha kunya a gaban kasuwa bai zagi kowa ba, bai ɗora wa mai sayar da mai laifi ba, irinsa ana zama da shi.

Yanzu ɗan autanmu yana da wata 'yar moto mai injekta. Ba ta da robine ma sam, balle a manta da shi. Sanyi ko zafi, danna ɗaya take tashi, kuma gaskiya ta fi tawa rashin gardama nesa ba kusa ba. Amma ranar da ta tsaya masa, wata 'yar fitila ce ta kunna kawai, babu abin kwancewa, babu abin hurawa, babu wanda ya taru. A bayan mota aka ɗora ta zuwa Konni wajen mai kwamfuta. Na tsaya ina kallonta ana ɗaurewa, na ji kewar zamanin da in abin hawanka ya mutu, rabin kasuwa ke tsugunnawa tare da kai.

Baba Nomau ya rayu shekara goma sha bayan aurenmu, bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa samun bakin yi masa godiya ba. Abin da na koya dai, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kuma in ka ga dattijo ya juya yana ba mai goro labarin injinsa alhali kai ne a tsugunne, to ba da mai goro yake ba. Ajiye turnabis ka saurara.