Kunun Kaza a Fadikpe

A da, idan ina labarin abincin ƙasashen da na zaga, matata Hajiya shiru take yi tana saurare. Yanzu murmushi take ɓoyewa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ga maganin da ba a sha sai an ci abinci. Na ce zan yi mata farfesun kaza da curin fulawa, irin na Turawa. Mai jin yare biyar, tukunya ɗaya za ta gagare shi?

Na manta kazar Turawa nan da nan take nuna. Tamu kuwa tsohuwar kazar gida ce, ta shekara uku tana tsere da babura. Na zuba curin da wuri, duk ya narke, nama kamar roba. Ina ƙara ruwa, ina duba agogo, lokacin magani yana wucewa, ga nishin Hajiya daga ɗaki.

Maƙwabciyarmu a nan unguwar Fadikpe, Maman Grace, ta leƙo, ta ɗaga murfi.

"Baba, kunu ne ko miya?"

"Abincin Turawa ne."

"Allah ya ba su haƙuri." Ta je ta kawo faten acca.

Hajiya ta warke. Amma tun ranar, ko atishawa ta yi, sai ta ce, "Alhaji, lafiyata ƙalau, kada ka taɓa tukunya."